Kwana Uku Ina Wanke Cikin Majigi

Sana'ata gyaran rediyo da talabijin ce, a wani ɗan shago kusa da kasuwar Anka, amma abin da ya sa aka san ni har Gummi da Bukkuyum majigi ne. Ƙaramin injin haska hoto a bango ne, wanda ake ɗauka da hannu ɗaya. Na saye shi na hannu a Gusau, wurin maigidan da ya koya mini aiki. Tsofaffinmu ne suka sa masa majigi, don ya tuna musu da motar silima ta zamanin da, ni kuwa ban yi gardama ba. Nakan naɗe shi cikin bargo in ɗaure a bayan babur tare da ɗan janareta, in tafi duk inda aka kira ni, walima ko wa'azi ko kallon ƙwallo. Da haƙar zinariya ta buɗe a dazukanmu, sai kiran ya fi yawa daga wurin masu haƙa da masu niƙan dutse. Baƙi ne yawancinsu, ba iyali kusa, in sun tashi aiki ba abin da suke so kamar su zauna su ga ana buga ƙwallo a jikin farin zane. A gindin injinan niƙansu nake kafa majigin, yana zuƙar iskar wurin yana fitarwa.

Ina da ɗiya ɗaya a lokacin, ita ce ta fari. A gidanmu kuwa ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban manya, ba ka tambayar ko ya ci ko ya sha. Tun ranar suna ban taɓa furta sunanta ba, sai dai in ce yarinyar nan. Uwarta ma ta fi ni: ko nono take ba ta, in wani ya yi sallama sai ta ajiye ta a tabarma ta kau da kai. Ni har yabona ake yi, ana cewa ɗan zamani ne mai taɓa kayan lantarki amma bai zubar da kunya ba. Ina jin daɗin yabon nan, ba zan ɓoye ba.

Da lokacin yaye ya yi, Inna, mahaifiyata, ta zo da zanen goyonta ta tafi da ita ƙauyenmu, wajen Tungar Daji. Yaye na wata ɗaya ne, amma Inna ta riƙe ta, ta ce ta sami ƙawa. Ƙawata take kiranta. Ba wanda ya isa ya ce a dawo da ita, balle ni.

A gidan nan na ƙauye ƙannena biyu sun shiga harkar dutse. Buhu-buhu suke kawowa gida, mata su daka a turmi, a shanya garin a tsakar gida, a wanke shi a bakin rijiya. Na gani da idona. Wata ranar kasuwa na biya gaida Inna, na tarar da yarinyar zaune dirshan a cikin garin dutsen nan, ta yi butu-butu, tana tsotsar yatsunta. Raina bai so ba, ba don na san akwai guba ba, don dai ƙazantar. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Inna tana kallona. Na mai da kaina ga ƙwaryar fura, na sha, na yi sallama na hau babur.

Da bazara ta yi tsanani yara suka fara faɗuwa a ƙauyukan nan. Yaro yana wasa sai amai, sai jijjiga, sai shiɗewa. Wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska. Daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce, tana cikin dutsen, tana cikin ƙasar gidajen da aka daka shi. Tawa ta shiɗe sau uku a yini ɗaya kafin a kawo ta asibiti a Anka. Inna ce ta yi jinyarta, makonni. Kullum ina zuwa, in tsaya a baranda, Inna ta fito, in durƙusa in ce, "Inna, ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Tambayar da al'ada ta yarda in yi ke nan, amsarta kuma ɗaya ce, ko mutum yana gargara haka za a ce maka.

Ta rayu. Da aka sallame su, gidana suka sauka, don a ƙauye ana kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa. Gidan nawa ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Inna da yarinyar suka ɗauki ɗaya.

A kwanakin nan na koyi kallo da gefen ido. In ina alwala, ko ina ɗaure kaya a babur, sai in saci kallonta. Tana zaune jingine da cinyar Inna, ta rame, idanunta a buɗe tar, farin fari baƙin baƙi, ba wani tabo. Amma kaza ta wuce ta gabanta ba ta bi ta da ido ba. In Inna ta ɗebo kunu a ludayi, ba ta buɗe baki sai ya taɓa leɓenta. Na ce wa kaina rashin ƙarfi ne, wanda ya tashi daga irin wannan ciwo ina ruwansa da kaza. Abu ɗaya nake so in sani, tana gani ko ba ta gani, kuma ba ni da bakin tambaya. Ba zan iya zuwa in tsuguna gabanta in kaɗa hannu ba, Inna ba ta rabuwa da ita ko na minti ɗaya. Uwarta kuwa in na soma kewaye-kewayen magana sai ta tashi ta ce tuwo zai kama.

Sai na tuna da majigi. Kafin yaye, in na kunna shi a ɗaka don gwaji, takan rarrafo ta dafa bango tana dukan hoton da tafin hannu, tana son ta kama mutanen da ke ciki. Na ce wannan ai aikina ne. Ba wanda zai ce na duba ɗiyata, injina nake gwadawa.

Bayan azahar na shigo da shi ɗakin Inna, na ce nan ne bangon ya fi fari. Na rataya bargo a taga, na tada janareta.

"Mi kaka yi da wanga abu da rana tsaka?" in ji Inna.

"Gwaji nika yi, Inna. Ina da aiki Bukkuyum ran kasuwa."

Hoton ya fito dishi-dishi, ya yi ruwan ɗorawa, da wasu dabbare-dabbare a gefe. Ni kaina sai na ƙanƙance ido nake gane fuskokin mutane. Na daɗe da sanin haskensa ya ragu, masu kallon ƙwallo sun sha yi mini tsiya wai kullum a cikin hadari ake buga wasan nawa. Yarinyar tana fuskantar bangon, ba ta motsa ba. Na kashe, na ce a raina, ai dole, wa zai ga wannan? Laifin majigi ne. Na ji wani sanyi a zuciyata da na sami wanda zan ɗora wa laifi.

Washegari na shiga shago na tura ƙyaure, na yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi, na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Yawancin masu majigi in haske ya ragu sai su kama bakin riga su goge gilashin gaba, su tofa masa yawu ma in ya ƙi. In na ga haka kamar in mari mutum. Dattin ba a waje yake ba, yana can ciki, a hanyar da hasken ke bi.

Na kwance notunan murfin ɗaya bayan ɗaya, ina manna su a maganaɗisun wata tsohuwar lasifika don kada su ɓace. Da na ɗaga murfin sai na tsaya. Komai a ciki ya koma launi ɗaya. Ƙura ce mai laushi, fara-fara da ɗan ja, ta kwanta a kan fanka da wayoyi da kowane lungu. Soson da ke tace iska ya daskare kamar ƙuli-ƙuli. Na san ƙurar nan. Ba ta hanya ba ce, ta injin niƙan dutse ce, irin wadda na gani a yatsun yarinyar. Sannan na jiƙa hankici na ɗaure hanci, na yi yadda likitoci suka koya wa mutanen ƙauye, ba a share ta a bushe. Da jiƙaƙƙen tsumma na riƙa kwashe ta ina sawa a leda, daga baya na jefa ledar a masai.

Cikin majigi hanya ce mai kwana-kwana. Hasken yana tashi daga ƙwan fitila, ya ratsa wasu gilasai biyu masu ƙananan gidaje irin na saƙar zuma, sannan madubai su raba shi gida uku, ja da kore da shuɗi. Kowanne ya bi ta wani ɗan allo da bai fi farcen babban yatsa ba, inda hoton yake, su sake haɗuwa a cikin wani dunƙulen gilashi, su fita ta babban gilashin gaba. Duk inda ƙura ta zauna a hanyar nan sai ta ci rabonta, abin da zai isa bango ɗan kaɗan ne.

Maigidana na Gusau mutum ne mai faɗa, kuma dokokinsa sun zauna mini a hannu. Ba a taɓa ƙwan fitila da yatsa, maiƙon hannu yana fasa shi in ya ɗauki zafi. Ba a hura madubi da baki. Iska ake fara sawa kafin ruwa, don ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin auduga ta ja layi, ya zauna ke nan har abada. Madubin ciki ba irin na ɗaki ba ne, fuskarsa a sama take, ba gilashin da ya kare ta. Ina da wata robar wanke kunne da na saya a kemis, da ita nake hura iska. Kowane madubi kafin in zare shi sai in sa masa alama da fensir a baki, don in ya koma a juye launin hoton ya rikice. In hura shi, in tsoma auduga mai tsinke a sifirit, in yarfe, in ja sau ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da na danna ba, in jefar da audugar in ɗauki sabuwa. Madubi ɗaya yakan ci auduga goma. In na ɗaga shi ga hasken da ke shigowa ta tsagar ƙyaure na ga ko ɗigo, sai in sake daga farko.

Aikin yini ɗaya ne, in an yi shi a tsanake. Ni na ja shi. Maƙwabcin shagona tela ne mai tsokana, ya leƙo da yamma ya ga kayan cikin majigi a jere.

"Kai wanga, tun sahe kana yi ma akwatin ga tiyata. Ko haihuwa za shi yi?"

Na yi masa dariyar da ba ta wuce leɓe ba, na ce ya rufe mini ƙofa yana shigo mini da ƙura.

Rana ta biyu na isa wurin ƙananan allunan nan uku. A gaban na shuɗi akwai wani ɗan siririn gilashi da zafi ya gasa, ya yi ja a tsakiya, shi ya sa hoton yake ruwan ɗorawa. Na shafa masa sifirit, na sake, ko gezau. Ba datti ba ne, ƙuna ce. Na tuna wani mai gidan kallo a Gummi yana da mataccen majigi irin nawa a ƙarƙashin benci. Ban yi wata-wata ba na hau babur. Hanyar Gummi ba kusa ba ce, amma wallahi murna na yi da tafiyar, don ta ƙara mini yini guda da ban sani ba tukuna. Na zare gilashin daga mataccen, na naɗe shi a auduga na sa a aljihun gaba, ina tuƙi ina dafa shi.

Da na dawo gida da magariba, matata ta kawo mini abinci ta ajiye. Maimakon ta fita kamar kullum, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Malam," ta ce, "injin ga, da ka bar shi hakanan."

"Don mi?"

Na daka mata tsawa, na ce tun yaushe ta san aikin inji da za ta koya mini sana'ata. Ta fita. Ban taɓa yi mata irin wannan tsawa ba, kuma na san abin da take son faɗa, shi ya sa na yi. Abincin nan ban ci ba.

Rana ta uku na wanke dunƙulen gilashin da babban gilashin gaba, ciki da waje. Na wanke fanka fiffike bayan fiffike, na yanka sabon soso na sa a mazaunin tsohon. Na mai da madubai bisa alamar fensir, na ɗaure notuna, ko ɗaya bai yi saura a maganaɗisu ba. Na kunna a shago na haska bayan ƙyaure. Sai da na runtse ido. Fari ya zama fari, ciyawar filin ƙwallo ta yi kore shar, har lambar bayan riga ana karantawa. Tela ya leƙo ya ce, "La ilaha! Sabo kas sawo?" Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba a rayuwata, kuma ban taɓa jin tsoron aikina kamar ranar ba.

Da la'asar na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale, yarinyar a jikinta. Wannan karon ba ta tambaye ni komai ba. Na rataya bargo, na toshe har ƙasan ƙofa da buhu. Na sa wani faifai na yara mai tsuntsaye da launuka masu yawa, na cire sautin gaba ɗaya, don kada ta juya saboda ƙara in yaudari kaina. Ina jin motsin matata a bayan ƙofa, ta daina wanke-wanken da take yi.

Bangon ya cika da haske har ɗakin ya yi kamar an yaye rufinsa. Wani jan tsuntsu ya ratsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, girmansa ya kai akuya. Ni ba bangon nake kallo ba. A karon farko tun da aka haife ta na zuba wa fuskar ɗiyata ido kai tsaye, a gaban uwata. Launukan suna wucewa a kan goshinta, ja, kore, shuɗi. Idanunta suna buɗe, sun tsaya a wani wuri ƙasa da hoton, inda ba komai. Na jira tsuntsun ya dawo. Ya dawo. Na ce wataƙila nisa ne, na jawo teburin da majigin yake kai. Na ce wataƙila gefe take, na karkata shi. Daga ƙarshe na ɗauki majigin da hannu biyu, yana ƙona mini tafi, na juya shi na haska fuskarta, hasken da ko babba ba zai iya tsayawa a gabansa ba. Ba ta ƙifta ba. Ta dai ɗan karkata kai wajen ƙarar fanka.

"Kashe abin ga," in ji Inna.

Na kashe.

"Ba ta gani," ta ce. Hannunta yana cikin zogale. "Likita ya hwaɗa man tun ran da anka sallame mu. Idon lahiya lau shike, can cikin kanta abin yat taɓu. Uwatta ta sani. Kai munka jira ka tambaya, ba ka tambaya ba."

"Ganin za shi dawo, Inna?"

"Cewa yay yi a yi ta addu'a."

Ina tsaye da inji a hannu, mai haske kamar sabo, ban san inda zan ajiye shi ba. Na ajiye a ƙasa. A bayan ƙofa matata tana kuka, irin kukan da ake toshe baki da mayafi. Na ji haushin Inna, na ji haushin ƙannena, na ji haushin duk wanda ya taɓa yabona da kunya, amma ba wanda na tsana a ɗakin nan kamar kaina. Ba noti a nan da zan kwance, ba Gummi da zan je in samo wani.

Na durƙusa na sa hannu na ɗauke ta daga jikin Inna. Inna ba ta hana ba, ta dai kau da kai ita ma. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kira sunanta, sunan da na raɗa mata da bakina a kunne ranar suna, ban ƙara faɗa ba sai ranar. Ya fito mini a karkace, kamar ba ni na zaɓe shi ba.

Jikinta ya sandare. Ta ɗaga hannu ta lalubi wuyan rigata, ta taɓa gemuna, ta janye da sauri. Hannuna warin sifirit yake yi, muryar kuma ba ta san ta ba. Ta fashe da kuka tana ture ƙirjina da hannu biyu, tana juya kai ko'ina tana kiran Inna. Na jijjiga ta, na ce yi shiru, ni ne. Ni wa? Ban san waƙar da ake yi mata ba, ban san ko a kafaɗa take so ko a cinya ba. Na zagaya ɗakin da ita sau biyu, kukan yana ƙaruwa har numfashinta ya fara sarƙewa, tsoro ya kama ni kada jijjigar ta dawo.

Inna ta karkaɗe zogale daga zanenta ta miƙo hannu.

"Kawo ta nan. Zo, ƙawata, zo."

Na miƙa mata ita. Nan take ta yi shiru.